Ɗaga Hannun Ɗan Takara Shaida Ce: Darasi Daga Zaɓen Hamtramck Da Tower Hamlets

 

A watan Nuwamba na 2021 mazauna wani ɗan ƙaramin birni mai suna Hamtramck, a Jihar Mishigan ta Amurka, suka fita zaɓen magajin gari da kansiloli. Wata mata mai suna Karen Majewski ce ke kan kujerar magajin gari, ta kuma shekara 16 tana riƙe da ita. Wanda ya fito ya ƙalubalance ta, Amer Ghalib, ma'aikacin lafiya ne haifaffen ƙasar Yaman, wanda bai taɓa riƙe wani muƙamin siyasa ba. Da aka ƙidaya ƙuri'u sai ya tashi da kimanin kashi 68 cikin 100. A watan Janairun 2022 aka rantsar da shi, majalisar birnin mai kujeru shida kuma ta zama ta Musulmi zalla, abin da ba a taɓa gani a wani birni na Amurka ba kafin wannan lokaci.

Labarin ya faranta ran Musulmi da dama, amma akwai tambayar da ta fi murnar amfani. Mutumin da bai taɓa mulki ba, da me yake shawo kan dubban jama'a su ba shi ƙuri'a? Wanda ke kan kujera aikinsa ne ke ba da shaidarsa, mai kyau ko maras kyau, domin gani ya kori ji: ga titin da ya gyara, ga kuma magudanar da ya bari ta toshe. Shi kuwa mai neman karɓe kujerar ba shi da aikin da zai nuna. Jarinsa shi ne bakin mutanen da suka tsaya masa, wato masu fafutukar unguwa, shugabannin ƙungiyoyi, 'yan kasuwa, dattawa da malamai, waɗanda za su shiga gida-gida suna cewa sun san shi kuma sun amince da shi. Wannan kalma ta "mun san shi" ita muke son mu auna a ma'aunin Shari'a, domin a fahimtarmu shaida ce cikakkiya, kuma za a tambayi wanda ya furta ta.

Abin da ke cikin kujerar kansila

Da yawa daga cikinmu mun raina zaɓen ƙaramar hukuma, hankalinmu yana kan na shugaban ƙasa da na gwamna. Tarihin Hamtramck ya isa ya gyara wannan tunani. Birnin bai kai faɗin murabba'in kilomita 6 ba, kuma birnin Detroit ya kusan kewaye shi ta kowane ɓangare. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 28,000. A farkon ƙarni na 20 masana'antar ƙera motoci ta Dodge ta jawo dubban ma'aikata 'yan asalin ƙasar Poland mabiya ɗariƙar Katolika, har garin ya zama tamkar nasu, Fafaroma John Paul na Biyu ma ya ziyarce shi a 1987. Masana'antar ta rufe a 1980, 'ya'yan waɗancan ma'aikata suka riƙa ƙaura, baƙi daga Yaman da Bangaladesh da Bosniya suka maye gurbinsu.

A 2004 wani masallaci na 'yan Bangaladesh mai suna Al-Islah ya nemi izinin kiran salla da lasifika. Majalisar birnin ce ta zauna ta gyara dokar hana hayaniya domin a ba da wannan dama. Waɗanda ba su yarda ba suka tara sa hannu, aka kai maganar ga ƙuri'ar raba gardama a watan Yuli na shekarar, mafi yawan masu zaɓe suka tabbatar da hukuncin majalisa. A watan Janairun 2023 kuma majalisar ta amince mutum ya yi yankan ibada, kamar layya, a cikin gidansa. Kiran salla da layya ke nan, ibadu biyu da ke shiga kowane gidan Musulmi, kuma a teburin kansiloli aka yanke maganarsu.

Akwai abin lura a cikin hukunce-hukuncen nan biyu. Majalisar da ta ba da izinin kiran salla a 2004 ba Musulmi ne ke da rinjaye a cikinta ba, domin sai a zaɓen 2015 suka sami kujeru huɗu cikin shida. Majalisar da ta tattauna batun layya a 2023 kuwa duk Musulmi ne, amma ra'ayinsu ya rabu a kan lamarin. Ashe sunan ɗan takara da addinin da ke kan takardarsa ba su isa su gaya maka yadda zai yi hukunci ba. Dole sai an san mutumin kansa.

Yadda Shari'a ta tsananta a kan tazkiyya

Ɗalibanmu da suka karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani sun san babin shari'a da shaidu. Idan shaida ya zo gaban alƙali kuma alƙalin bai san shi ba, sai a nemi wanda zai yi masa tazkiyya, wato ya tabbatar da cewa adali ne abin yarda. A wannan babi ba a karɓar tazkiyyar mutum ɗaya, kuma ba a karɓar kalma mai harshen damo. Malaman mazhabar Malikiyya sun ƙara da cewa mai tazkiyya ya zama mai basira wanda ba a yaudara cikin sauƙi, kuma ya san mutumin ta hanyar doguwar cuɗanya. Duk wannan tsanani saboda shaidar da za ta iya raba mutum ɗaya da gonarsa ko rakuminsa ne. To ina ga shaidar da za ta ɗora mutum a kan dukiyar gari guda na tsawon shekaru?

An ruwaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya ce ya san shi da adalci. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa cinikin da kuɗi ya shiga tsakaninsu. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare. Ya ce a'a. Sai Umar ya yanke masa cewa bai san mutumin ba. Maƙwabtaka da kuɗi da tafiya su ne wuraren da hali ke fitowa fili, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duk ƙungiyar da za ta kira taron manema labarai ta ɗaga hannun wani, ya kamata ta fara amsa waɗannan tambayoyi uku a cikin ɗakinta.

Alƙur'ani mai girma ya kawo mana misalin wadda ta tsaya wa wani bisa ilimi. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kuma kafa hujja da siffofi biyu, ƙarfi da amana. Malaman tafsiri sun bayyana cewa ta ga ƙarfinsa ne a bakin rijiya lokacin da ya shayar musu da dabbobi, ta ga amanarsa a kamun kansa a kan hanya. Abin da ta gani da idonta ta faɗa. A kan waɗannan siffofi biyu Ibnu Taimiyya ya gina bayaninsa game da naɗin muƙamai a littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya.

Ƙarfi a nan yana nufin iya aikin. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarrin al-Gifari, sahabin da aka yi wa shaidar gaskiyar harshe, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami. Annabi ya dafa kafaɗarsa ya sanar da shi cewa yana da rauni, kuma muƙami amana ce da ke zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai karɓe ta da haƙƙinta ba. Idan taƙawar Abu Zarrin ba ta wadatar ba, to yawan ganin mutum a sahun farko ba zai wadatar ba a matsayin hujjar cewa zai iya karanta kasafin kuɗi, ya bi diddigin ɗan kwangila, ya tsaya a gaban majalisa ya kare unguwarsa.

Wani ɗalibi zai iya tambaya: ai an hana neman shugabanci, kamar yadda ya zo a hadisin Abdurrahman ɗan Samura, to yaya za a mara wa wanda ya fito nema baya? Malamai sun haɗa wannan da ƙissar Annabi Yusuf (AS), wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar saboda ya san zai iya tsare su. Abin zargi shi ne kwaɗayin kujera don kanta. A tsarin da ba a ba kowa muƙami sai ya yanki takardar takara, fitowar mutumin kirki domin gyara ba laifi ba ce, kuma mara masa baya aikin lada ne idan an cika sharuɗɗa.

Kason wanda ya yi ceto

Aya ta 85 ta Suratun Nisa'i ta koyar da cewa wanda ya sa baki aka yi alheri yana da rabo a cikinsa, wanda kuma ya sa baki aka yi sharri yana da nasa kaso na nauyin. Goyon bayan ɗan takara yana cikin wannan sa baki, kuma ba ya ƙarewa ranar da aka rufe rumfar zaɓe. Mu koma Hamtramck. A watan Satumban 2024 Amer Ghalib ya fito ya mara wa Donald Trump baya a zaɓen shugaban ƙasa, a watan Maris na 2025 kuma Trump ya bayyana shi a matsayin wanda yake so ya zama jakadan Amurka a Kuwait. Cikin waɗanda suka zaɓe shi akwai waɗanda hakan ya yi wa daɗi, akwai waɗanda ya ɓata wa rai. Ba mu zo yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da muke nunawa shi ne, darajar da mutanen gari suka ba shi domin ya kula da titi da ruwa da shara, ita ce ta zama nauyin maganarsa a siyasar ƙasa baki ɗaya. Magana zarar bunu ce. Wanda ya ba da aron sunansa ga ɗan siyasa ya sani cewa sunan zai je wuraren da shi bai yi niyya ba.

Saboda haka aikin masu fafutuka yana da rabi biyu. Rabin farko kafin zaɓe ne, rabi na biyu kuma bayansa: halartar zaman majalisa, tambayar inda kuɗi suka tafi, tunatar da wanda aka zaɓa alkawarinsa, da janye goyon baya a fili idan ya saɓa, kamar yadda aka ba shi a fili. Wanda ya ɗaga hannun mutum a bainar jama'a sannan ya yi gum lokacin da mutumin ya karkace, ya bar shaidarsa tana ci gaba da yaudarar mutane.

Wasiƙar malamai 101

Ya zuwa nan maganarmu ta shafi kowane mai goyon baya. Akwai kuma haɗarin da ya keɓanci mu masu hawa mumbari, misalinsa mafi bayyana kuwa ya faru ne a Ingila. Tower Hamlets ƙaramar hukuma ce a gabashin Landan, inda babban Masallacin Gabashin Landan yake. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 40 cikin 100 na mazaunanta Musulmi ne, mafi yawansu 'yan asalin Bangaladesh. A 2010 Lutfur Rahman ya tsaya takarar magajin gari a matsayin mai zaman kansa bayan jam'iyyar Leba ta janye masa tikiti, ya kuma yi nasara. A watan Mayun 2014 ya sake cin zaɓe, inda ya kayar da John Biggs na Leba.

Kwanaki kaɗan kafin wannan zaɓe na 2014 wata jarida ta harshen Bengali ta buga wasiƙa mai ɗauke da sunayen limamai da malamai 101 suna mara masa baya. Masu zaɓe huɗu suka shigar da ƙara. Ranar 23 ga Afrilu, 2015, alƙalin kotun zaɓe Richard Mawrey ya soke zaɓen, aka kuma haramta wa Rahman takara na shekara biyar. Daga cikin dalilan da kotun ta bayar akwai amfani da kuɗin tallafin ƙaramar hukuma wajen neman goyon baya, da ƙuri'un bogi, da yi wa abokin takara ƙazafin wariyar launin fata, da kuma matsin lamba ta hanyar addini. Alƙalin ya fahimci wasiƙar a matsayin sanar da Musulmi cewa zaɓen Rahman wajibi ne na addini. Wannan sashe na doka an fi saninsa ne tun ƙarni na 19 a ƙasar Ailan, inda aka soke zaɓuɓɓuka saboda wasu limaman Katolika sun tsoratar da mabiyansu da azabar Lahira a kan ƙuri'a.

Adalci ya sa mu ambaci ɗaya ɓangaren. Rahman ya musanta zarge-zargen, 'yan sanda ba su gurfanar da shi a kotun manyan laifuka ba, kuma masu sharhi da dama, har da waɗanda ba Musulmi ba, sun soki wannan ɓangare na hukuncin a matsayin raina hankalin Musulmi masu zaɓe. Da wa'adin haramcin ya ƙare, ya dawo a watan Mayun 2022 yana mai ƙalubalantar Biggs, ya kayar da shi, jam'iyyarsa ta Aspire kuma ta ci kujeru 24 cikin 45.

Ko alƙalin ya yi daidai ko ya wuce gona da iri, mu muna da namu ma'auni da ya riga dokar Ingila. A hadisin Buraida da Imam Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci kwamandojin yaƙi cewa idan mutanen da aka yi wa ƙawanya suka nemi a ba su alkawari da sunan Allah da ManzonSa, kwamanda ya ba su nasa alkawarin da na mutanensa, domin saɓa wannan ya fi sauƙi a kan saɓa wancan. Haka nan kada ya ce zai yi musu hukuncin Allah, ya ce nasa hukuncin, domin bai sani ba ko zai dace da hukuncin Allah a kansu. Fifita wani ɗan takarar kansila a kan wani ijtihadi ne da ke iya dacewa ko ya kuskure. Malami ɗan ƙasa ne, yana da damar ya ce shi wane a ganinsa wane ya fi cancanta, ga kuma dalilansa. Amma ranar da ya ce ƙin zaɓen wane saɓon Allah ne, ya ɗora sunan Ubangiji a kan mutumin da gobe zai iya cin amana. Idan hakan ta faru, matashin da ya gaskata shi ba ɗan siyasar kaɗai zai daina yarda da shi ba, har da mumbarin.

Sukar wanda ke kan kujera

Ba a mara wa mai ƙalubale baya sai an faɗi gazawar mai ci, kuma Shari'a ta ba da wannan dama. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin kowannensu gwargwadon buƙata. Imam Nawawi ya lissafa irin wannan nasiha cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama gibar da aka haramta. Iyakar ita ce a tsaya a kan aikin da aka ba shi, kuma a faɗi abin da aka tabbatar. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mumini ga barin adalci, ko da ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Idan mai ci ya yi abin kirki, a ambata, sannan a ce duk da haka ga dalilin neman canji. Ƙazafi kuwa shaidar zur ce, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin mafiya girman zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune saboda nauyinta.

Sai kuma batun abin hannu. Bukhari da Muslim sun ruwaito tsoratarwa mai tsanani ga wanda ya yi mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Ƙungiyar da ta karɓi mota ko buhunan shinkafa ko alkawarin muƙami sannan ta fito ta ce ta yi nazari ta ga wane ya fi cancanta, ta sayar da shaida, ta kuma ɓoye wa jama'a farashin.

Abin da ya shafe mu a gida

Wannan ba labarin nesa ba ne kawai, domin irin kujerun nan muna da su. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma kundin tsarin mulki ya danƙa musu kula da maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da kwashe shara, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk gwargwadon da aka aiwatar da wannan, gwargwadon haka nauyin kujerar ciyaman da ta kansila zai ƙaru, tare da nauyin masu ɗaga musu hannu. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta hana amfani da wuraren ibada wajen yaƙin neman zaɓe.

Nasiharmu ga ƙungiyoyin unguwa da na matasa da na mata ita ce, kafin ku tsaya wa kowa ku zaunar da shi, ku zaunar da wanda yake son kayarwa, ku yi musu tambayoyi iri ɗaya. Ku tambayi maƙwabtansa da waɗanda suka yi ciniki da shi. Ku rubuta alkawuransa da kwanan wata. Idan akwai dangantaka ko wata maslaha tsakaninku da shi, ku bayyana ta. Magidanci kuma idan aka zo masa da sunan wani, ya tambayi mai kawo sunan inda ya san shi, kuma ya bar matarsa da 'ya'yansa da suka isa zaɓe su yi nasu binciken, domin kowa shaidarsa daban za a tambaye shi. Wanda bai san ɗan takara ba, faɗin "ban san shi ba" ya fi masa aminci a wurin Allah a kan yabon da ba shi da tushe.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, Ya shugabantar mana da masu tsoronSa masu tausayin talakawa. Allah ne Mafi sani.